Littafin da Sista Paulina Ta Ba Ni

Sista Paulina ba ta da fara'a, kuma ba zan ƙaƙaba mata ita don ta rasu ba. 'Yar ƙasar Jos ce, gajera, mai saurin tafiya. Mahaifinta leburan kuza ne, ita kuwa ta koyi aikin ungozoma, aka turo ta ƙaramin asibitin wani gari kusa da Bukkuyum, tun muna ƙarƙashin Jihar Sakkwato. A can na same ta a 1979. Na gama sakandare, ban daɗe da aure ba, aka ɗauke ni mataimakiyarta a kan gwaji. Abin da ta rubuta a kaina shi zai sa a bar ni ko a sallame ni. Dangin mijina dama ba su so aikin ba, haƙuri kawai suka yi.

A makon farko ta sa ni ayyuka da baki: in dafa allurai, in karɓo kananzir na firji, in gaya wa mai gadi ya gyara ƙofar ɗakin haihuwa. Na yi wasu, na manta kananzir. Ba ta yi faɗa ba. Ta jawo littafin rubutu irin na 'yan firamare ta ajiye a gabana.

"Sista, ai ina riƙewa a ka," na ce.

"Kan naki ne ya kashe mini firji, Uwani. Ɗauki biro."

Tsarin ba wuya. Da safe, kafin a buɗe ƙofa, in rubuta rana a saman shafi, in jera ayyuka, kowanne da layinsa. Wanda na gama in soke shi. Wanda ban gama ba in yi masa kibiya, washegari in sake rubuta shi da hannuna a sabon shafi. Ba a yage shafi, ba a gogewa. Na tambaye ta amfanin sake rubuta abin da yake nan a rubuce. Ta ce idan hannu ya gaji da rubuta abu, ƙafa za ta tashi ta yi shi.

Ita ma ba da wannan tsari ta zo ba. Farkon zuwanta kwanan wata take ba matan da ke zuwa asibiti, ta ce su dawo ran kaza ga watan Turawa, ta zauna jira, ba ko ɗaya. Daga baya ta gane matanmu da ranar kasuwa suke lissafi. Sai ta koma rubuta "kasuwa mai zuwa" da "kasuwar bayanta", suka riƙa zuwa. Haka ta koya mini.

Littafin ya karɓe ni. Na daina mantuwa, har na fara jin daɗin soke layi. Sai Maimunatu, ƙanwar mijina, ta dawo gidan mahaifinta ta yi haihuwar fari. Sista ta ce in je in duba cibiyar jaririn, in auna shi. Na rubuta: "Gidan can, duba jariri." Sunan surukina ba ya fita a bakina, balle a birona. Yanzu da na tsufa ina iya rubuta shi: Malam Tsoho.

Malam Tsoho a zaure yake yini. Ni da ko gaishe shi sai na durƙusa nesa, kaina a ƙasa, ta yaya zan ratsa gabansa da farar riga da ma'auni, in shiga in ce wa Innar mijina ga yadda za a yi da cibiya? In na yi haka, za a ce boko ya cire mini kunya, kuma kalma ɗaya daga bakinsa ta isa ta zaunar da ni a gida. In ban je ba, Sista za ta rubuta cewa ina barin aiki. Na yi wa layin kibiya. Washegari ma haka. Na riƙa jan sa daga shafi zuwa shafi.

Wata safiya ta karɓi littafin, kamar yadda takan yi lokaci-lokaci. Ta buɗe baya, ta bi kibiyar da yatsa.

"Wannan aikin ya fi motar Gummi yawo. Gidan can wane gida ne? Ba shi da mai shi?"

Ta ɗago kai ta dube ni.

"Aljanu ne a ciki?"

"Gidan su maigidana ne, Sista."

"To sai me? Ba ki san hanya ba?"

Na bayyana mata, ban rage komai ba. Shekarunta a ƙasarmu ba kaɗan ba ne, amma ba ta taɓa aiki da matar ɗan gari ba, abin bai zo mata a rai ba.

"Ni ce na aike ki inda ba ki iya shiga," ta ce. "Amma ke ma da kin buɗe baki tun farko. Jariri ba ya jiran kunyarki."

Ta ɗauki biro ta zagaye layin. Ta ce daga yau alamu sun zama uku: soke, kibiya, da zagaye. Zagaye na nufin aikin ya fi ƙarfina, in kawo mata shi ran nan, kada ya kwana. Ta ɗauki jaka da ma'auni ta fita. Ni kuma ta tura ni rugar Sambo in gaya wa mata ranar allurar baƙon dauro, tunda ina jin Fulatanci, ita kuwa ko gaisuwa ba ta iya ba.

Maimunatu ce ta ba ni labarin sauran. Sista ta tsaya a ƙofar zaure ta ce, "Baba, ina wuni? Na zo ganin angon gidan." Aka shigar da ita. Cibiyar ta fara ja, ta wanke ta sa magani, ta hana a ƙara shafa mata komai. Da za ta fita, Malam Tsoho ya tambaya mi ya hana yarinyar tasu zuwa, tunda aikinta ne.

"Baba, ta ce ba za ta iya ratsa gabanka da kayan aiki ba. Na yi, na yi, ta ƙi."

Ƙarya ta ƙara a kai, don ba ta matsa mini ba. Tsohon ya yi murmushi ya ce ashe boko bai cinye ta duka ba. Daga ranar ba wanda ya sake maganar in bar aiki a gidan.

Da gwajin ya ƙare ta rubuta a bar ni. Ba ta nuna mini takardar ba, a bakin akawu na ji. Mun yi aiki tare har 1986, aka mayar da ita Anka, daga can ta koma ƙasarsu. Ni na ci gaba har na yi ritaya a Gummi, kuma duk mataimakiyar da aka ba ni, da littafi nake tarbarta.

Ranar da za ta tafi na raka ta bakin mota, na ce, "Sista, na gode. Allah ya saka."

"Amin," ta ce. "Koma, kin bar mata a layi."