Bugu Sittin a Ɗakin Shiru

Shekara talatin da ɗaya Ejvind Kragh ya yi yana gadin shiru. A ƙarƙashin ginin masana kimiyya na garinsu, a gaɓar teku a yankin Jutland, akwai wani ɗaki mai bango bakwai na ƙarfe na musamman, wanda maganaɗisun duniya ba ya ratsa shi. A bakin ƙofar akwai farantin katako. Duk mai shiga sai ya zuba makullansa, da bel, da agogo, da tabarau in na ƙarfe ne. Ejvind ne ke tsaye a wurin yana tambaya, "Me ka ɗauko?" Ya taɓa mayar da wani babban farfesa baya saboda ƙusar takalmi.

Shi ba dakta ba ne. Ɗan masunci ne daga Thyborøn, ya koyi sassaƙar ƙarfe, ya zo gyaran wani tebur na mako biyu, ya zauna har furfura ta cim masa. Matarsa Bodil ta rasu shekara shida da suka wuce. Tun daga nan gida ya zama wurin kwana kawai.

A tsakiyar ɗakin akwai kwalba ƙarama kamar ƙwan tantabara, cike da tururin wani ƙarfe mai laushi. Kowace ƙwayar zarra a cikinta tamkar allurar kamfas ce, mai jin maganaɗisun da ya fi numfashin jariri rauni. Sai dai ko duniya ta yi tsit, ƙwayoyin ba sa daina rawar jiki. Haka aka halicce su, kuma abin da bai kai ƙarfin rawar nan ba, ba a jin sa. Gunhild Thorup, shugabar aikin, ta ƙarar da ƙuruciyarta a kan wannan iyaka. Dabararta ita ce a ɗaure ƙwayoyin da haske, a matse rawar ta koma gefen da ba a aunawa. Ba ta gushewa, in ji ta, kaucewa kawai take yi.

Ayyuka biyu ne ba mai yi sai Ejvind. Shi ke wanke bangon, wato ya sakar wa manyan wayoyin da suka naɗe ɗakin wuta mai ƙarfi, ta share ragowar maganaɗisu. Shi kuma ke zama a ciki lokacin awo, yatsunsa kan wani ɗan sukuru na roba, yana juya shi kaɗan kaɗan har hasken ya zauna daidai.

A hutun Yuli ya faɗi a cikin lambunsa. Likitoci suka dasa masa 'yar na'ura ƙarƙashin ƙashin wuya, mai tunatar da zuciya aikinta. Suka ce kada ya kusanci maganaɗisu mai ƙarfi. Ya ce to. Da aka koma aiki ya ce wa kowa kamun kifi ya je. Kowace safiya yana wuce allon gargaɗin da shi da kansa ya kafa a ƙofar, mai hoton zuciya da jan layi a kanta, ya zuba makullansa a faranti, ya shiga da abin da ba ya ajiyuwa.

Ranar wata Talata ta Nuwamba, da hantsi, ruwa na dukan tagogin sama, matsewar rawar ta kama. Yana ciki ya ji muryar Gunhild ta bututun magana. "Tsaya nan! Tsoho, kada ka motsa, ko numfashi kada ka yi!"

"In mutu ke nan?"

"Bayan awo."

Layin da ke nuna rawar a kan allonta ya sauka ƙasa da inda ya taɓa sauka cikin shekara ashirin. Ta yi ihu. Can kuma sai ta ƙura wa allon ido. Kamar yadda janyewar teku ke tona ƙashin tsohon jirgi, haka saukar rawar ta tona wani abu da ya daɗe a binne: ɗan tsini siriri, bayansa wani, bayansa wani, sittin cif a minti.

Da ya fito ya same ta ita kaɗai, ta sallami sauran ma'aikatan su je cin abincin rana. Baƙin burodinta da kifi na gefe, ba ta taɓa ba.

"Zo ka gani," ta ce. "Zuciyarka na sha ganinta a nan, Ejvind. Malalaciya ce, tana gudu tana tsayawa kamar tsohon kekenka. Wannan fa? Ko agogon coci yana kuskure, wannan ba ya yi."

"Wataƙila famfon ruwa ne."

"Famfon da ke fita duk lokacin da ka fita?"

Ya dubi takalmansa na ulu.

"Wane irin kifi ka kama a Yuli?"

"Mai batir."

Ba ta yi dariya ba. "Sau nawa ka wanke bangon tun Agusta?"

"Goma sha ɗaya."

"Goma sha ɗaya! Kana tsaye kusa da wayoyin?"

"Nakan ɗan ja baya."

"Kakan ɗan ja baya." Ta rufe fuska da tafukanta. "Wawan tsoho. Da na buɗe ƙofar nan na tarar da kai a ƙasa fa? Kai da ka kori farfesa saboda ƙusa!"

"Ki bar ni in gama wannan awon kawai, Gunhild. Ba wanda ya san sukurun nan."

"Awon nan ma sai an sake shi. Kana cikinsa, daga farko har ƙarshe." Ta sassauta murya. "Ba zan iya ƙyale ka ka sake shiga ba. Kai ka koya mini dokar."

Al'adar wurin aikin ce duk wanda ya tafka kuskure ya kawo kek ranar Juma'a. Shekara talatin da ɗaya Ejvind na cin na wasu. A wannan Juma'ar ya zo da nasa, mai kwakwa da jan sukari, ya yanka wa kowa da hannunsa. Suka ci a tsaye, ba mai tsokana kamar yadda aka saba. Daga nan ya ciro makullin ɗakin daga zobensa, ya ajiye a farantin katako.

Aka ja layi rawaya a ƙasa, taku huɗu daga ƙofar, aka sa masa kujera a bayansa. Gunhild ce ta shiga da kanta. Mako uku tana fama da sukurun, shi yana ce mata ta bututu, "Dama kaɗan. Kin wuce. Hannu gare ki ko shebur?"

A mako na huɗu layin da ke kan allon ya sake sauka. Ejvind ya matsa kusa da allon, ya bi shi da ido daga wannan gefe zuwa wancan, a hankali, kamar mai neman sunansa a takarda. Sumul yake, babu ko tsini ɗaya.

"Yaya?" muryarta ta fito daga bututun.

Ya ɗora tafinsa ƙarƙashin wuyansa, inda abin ke ƙirgensa.

"Tsaf yake," ya ce. "Ba kowa a ciki."