Wane gas ɗin likita yake nufi?

Na dawo daga aiki yau na tarar Goggo, yayar babana, ta fito da tukunyar gas ɗinmu tsakar gida, tana ta fama da hura itace. Idonta ya yi jawur.

Na ce, "Goggo, lafiya?"

Ta ce, "Ba ke kika ce likita ya ce hayaƙin gas ne ke tayar wa Nafisa asma ba?"

Na ce, "Man gas yake nufi, Goggo, dizal. Na injin niƙan Baba Yohanna."

Sai ta ajiye maficin da ke hannunta.

Injin nan yana jikin tagar ɗakinmu a Jimeta. Da ya tashi, sai ƙirjin ɗiyata Nafisa ya fara shaƙewa. Likita ya ce hayaƙin yana kumbura mata hanyar numfashi, shi ya sa ko ƙurar shara yanzu sai ta kwantar da ita.

Shi kuwa Baba Yohanna daga Michika ya gudo da iyalinsa lokacin tashin hankali. Da injin nan yake ciyar da su. Ko kwabo bai taɓa karɓa a niƙanmu ba.

Can Goggo ta ce, "Da ma a ce gas ɗinmu ne. Namu dai zan iya kashewa."

Wallahi na gaji. Na gaji da asibiti, na gaji da rufe taga cikin zafin Yola.

Jama'a, da wane baki ake ce wa irin wannan maƙwabci ya kashe injinsa?