Inna Ta Jefa Wa Ruwan Gwajina Alam

Na dawo daga sallar la'asar na tarar da ruwan kogin da na ɗebo a robobi ya yi garau.

Aikina shi ne auna burbushin ƙarafan da kogin Haɗeja ke ɗauke da su tun asali, kafin wata masana'anta da ake ginawa ta fara zubo dagwalonta. Wuni na yi cikin kwalekwale wajen garin Guri ina ɗiba.

Ashe Inna, tsohuwar da ta sauke ni, ce ta jefa alam a ciki. Gwaji ya lalace ke nan, don alam ya kwantar da laka har da ƙarafan da zan auna.

Ta ce, "Ɗan nan, ina raye baƙona ba zai sha ruwan laka ba."

Na ce, "Inna, ba na sha ba ne, shaida ce. Ran da kifi ya fara mutuwa, masu masana'antar cewa za su yi dama haka ruwanku yake."

Ta ce, "To gobe da ni za a je. In ga mai taɓa robobin nan."

Gobe za mu sake ɗiba. Jama'a, wa ya taɓa samun mai gadi irin Inna?