Talatar Malam Maje

Shekara goma sha shida Malam Maje ya yi yana tuƙa adaidaita sahu tsakanin Tarauni da Gyaɗi-Gyaɗi, kuma kullum fasinjarsa ta farko ita ce mai ɗakinsa, Jannatu, ma'aikaciyar jinya a asibitin koyarwa. Daga gidansu da ke Daurawa yake ɗauko ta, tana baya tana yi masa faɗan gudu har su isa.

Bara, cikin azumi, Allah ya yi mata rasuwa. Aka yi sadakar arba'in, 'yan gaisuwa suka watse. Shi kuwa ƙarfe biyu na rana na yi, lokacin da takan tashi daga aiki, sai ya tsinci kansa a ƙofar asibitin, ya kashe inji, yana bin fuskokin masu fararen kaya da kallo. Abinci ya daina shiga. Majalisa ma ya ƙaurace mata.

'Yarsa Rukayya ce ta yi ta lallashi har ya yarda ya ga wata mai ba da shawara kan damuwa, Malama Safiya. Ranar Talata ya shiga ofishinta, ya ɗosana a bakin kujera.

"'Yata, ni fa ba taɓin hankali gare ni ba," in ji shi. "In maganar nan ta fita, wa zai ƙara hawa kekena?"

"Baba, abin da ka faɗa a nan amana ne. Ko Rukayya ba za ta ji daga bakina ba, sai fa in rai na cikin haɗari, shi ma sai na sanar da kai. Tambayar da ba ka so, kada ka amsa. In namiji ka fi so, a haɗa ka da shi. Ran da ka ce ya isa, ya isa."

Ya daɗe yana murza hularsa.

"To, alfarma ɗaya. Kada ki ce in manta da ita."

"Ba aikina ba ne wannan. Ba ni labarinta."

Tun rasuwar babu wanda ya ce masa haka. Kowa haƙuri yake ba shi. Ya fara daga ranar da ya gan ta a layin rijiyar burtsatse, har lokaci ya cika bai kai ga aurensu ba.

A zuwa na huɗu ya nemi ganin abin da Malama Safiya take rubutawa. Ta juyo masa da takardar, ta ce haƙƙinsa ne. Ya karanta a hankali, yana bin layi da yatsa.

"Duk gaskiya ne, amma da saura. Ki sa cewa ba ta taɓa bari na fita ban karya ba."

Ta rubuta.

Yanzu yana cin tuwonsa, ya koma majalisa. Kewar dai tana nan, bai kuma nemi ta tafi ba. Duk Talata yakan sauke fasinjan ƙarshe tun kafin sha ɗaya, don kada ya makara zuwa wurin Malama Safiya.