Filon Tari

A ɗakin masu tiyatar ƙirji babu wanda aka tsana kamar Anti Tari. Likitan da ya tsaga mutum ya buɗe masa haƙarƙari albarka ake sa masa. Mai allurar barci ko fuskarsa ba a tunawa. Amma ita, da zarar an ji takun takalminta na roba a bakin ƙofa, sai ka ga manya-manyan mutane masu jikoki sun runtse ido sun kama barcin ƙarya, wani har da munshari. Wahalar banza suke yi, don ta fi shekara ashirin tana jin munshari, ta san na gaske ta san na jabu.

Aikinta ba shi da wuyar faɗa. Idan aka yi wa mutum aiki a zuciya ko a huhu, kaki yakan taru can ƙasan ƙirji, kuma tari ne kaɗai ke fito da shi. Tari kuwa a kan ɗanyen ɗinki, wanda ya ɗanɗana shi ya san shi. Sai marar lafiya ya koma numfashi sama-sama yana lallaɓa ciwonsa, kakin ya toshe hanyar iska, huhun ya motse, zazzaɓi ya samu ƙofa. Aikin da likitoci suka wuni a tsaye suna yi sai ya lalace a kan gado, kowa yana kallo yana cewa sannu. An ɗauke ta ne don kada hakan ta faru.

Washegarin tiyata take zuwa. Ta fara tambayar nas ko an ba da maganin rage raɗaɗi, don ita ba muguwa ba ce, ko da yake kaf ɗakin ba za ka samu mai ba da wannan shaidar ba. Sai ta zaunar da mutum a bakin gado, ta gyara robar da ke tsiyayar da ruwa daga gefen ƙirjinsa, ta ɗora masa wani ɗan filo mai tauri a kan ɗinkin, ta harɗe hannayensa a kai. Tafin hannunta na bayansa. Ya ja numfashi mai zurfi, ya saki, ya sake ja.

"Yi tari."

Yawanci abin da ke fitowa wani ɗan "ehem" ne na jin kunya.

"Wannan ai gyaran murya ne. Jawabi za ka yi mana? Matse filon, ka yi daga ciki."

Daga nan sai ihu, sai hawaye, sai zagi. An kira ta marar imani, an kira ta mahauciya, wata tsohuwa ta taɓa cizonta a hannu. Tsofaffin maza kuwa kusan tambaya ɗaya suke yi idan numfashi ya dawo musu:

"Ke wai ba ki da uba ne?"

"Ina da shi," takan ce. "Shi ya ɗinka filon da ke ƙirjinka. Sake yi."

A farkon aikinta takan shige banɗaki ta yi kuka ta wanke fuska ta fito. Daga baya kukan ya ƙafe, ita kanta ba ta san ranar da ya ƙafe ba. Ihun marasa lafiya ya koma mata kamar ƙarar fankar ɗakin, sai an kashe take tunawa da ita. Ta yi aure bai daɗe ba. Mijin ya ce idan tana kallonsa ji yake kamar numfashinsa take ƙirgawa, kuma gaskiya ya faɗa. Ta kwashe kayanta ta koma gidan mahaifinta, ta ci gaba da tashi da sassafe.

Baba mai gyaran kujeru da katifu ne. Shagonsa na ƙarshen layi, tsakanin mai walda da mai gyaran waya, kullum cike da ɓurɓushin soso da ƙurar auduga da ke sauka a gashin girarsa. Shi ba ya kiranta Anti Tari. Uwata yake ce mata, don sunan mahaifiyarsa ta ci. Sau ɗaya ta taɓa kwatanta masa irin filon da take so: kada ya yi laushi, tsawonsa daga gwiwar hannu zuwa wuya, rigarsa mai cirewa a wanke. Tun daga ranar, duk ragowar yadin da ya samu sai ya ajiye mata. Shi ya sa filolin ɗakin tiyata babu biyu masu kama da juna, wani mai furanni, wani irin yadin kujerar ofis. Bai taɓa tambayar me ake yi da su ba, ita ma ba ta taɓa faɗa ba.

Tarinsa ita ta fara jin ya canja. Ba ta tsaya jayayya da shi ba, ta rufe shagon ta sa shi a gaba. Hoton ƙirji ya nuna ƙari a ƙasan huhun dama. Babban likitan, wanda kowa ke kira Dogo a bayan idonsa, ya zana musu a takarda: huhun dama kashi uku ne, za a cire na ƙasa, sauran biyun su ci gaba da aiki. An gano abin da wuri. Za a shiga ta 'yan ƙananan ramuka da kyamara, ba sai an tsaga ba, sai fa in an tarar da abin da ba a zata ba.

An kuwa tarar. Huhun ya manne da bangon ƙirji, dole aka yi babban yanka daga ƙarƙashin hammata zuwa baya. Duk da haka Dogo ya fito da fara'a. Ya ce ƙarin ya fita fes, bai taɓa ko'ina ba, jini ma bai zuba da yawa ba. Ya zare hular kansa ya dube ta.

"Namu ya ƙare, Anti. Saura naku."

Ƙa'idar wurin ita ce ma'aikaci ba ya duba nasa. Saboda haka Sista, shugabar nas-nas ɗin ɗakin, ta kirawo wata abokiyar aikinsu daga ɗakin masu karaya, mace mai hankali wadda ita Anti Tarin ce ta koya mata aiki. Aka ja labule a gadon Baba. Anti Tari tana gado na gaba tana fama da wani direba da aka sauya wa ƙofar zuciya, sai ta ji ƙarar. Irin ƙarar da take ji kullum ce, ba ta fi ta kowa ba. Amma wannan karon ta Baba ce. Ba ta san lokacin da ta yaye labulen ba.

"Bar shi. Ni zan yi."

Matar ta dubi Sista, Sista ta ɗaga kafaɗa. Wa zai koya wa Anti Tari tari? Suka fita suka bar su.

Baba na zaune a bakin gado, ya ƙanƙance cikin rigar asibiti, gumi na bin wuyansa. Filon na kan cinyarsa, mai ruwan ƙasa da zanen ganye. Yana jujjuya shi, yana bin ɗinkin gefen da babban yatsa.

"Wannan na kujerar wani mai kanti ne," in ji shi da ƙyar. "Ashe nan suke zuwa. Ni da na ɗauka kai ake ɗorawa."

Ta yi masa bayani kamar yadda take yi wa kowa, da muryar aiki. Ta ɗora filon, ta harɗe masa hannaye, ta sa tafinta a bayansa. Ƙasusuwan bayan ta san su, tun tana ƙarama take hawa kansu. Ya ja numfashi, ya yi tari guda ɗaya na gaske. Fuskarsa ta yamutse, bakinsa ya buɗe ba sauti, ya damƙe tsintsiyar hannunta. Ba ta taɓa ganin hawayensa ba, ko ranar da mahaifiyarta ta rasu, sai yau.

"Uwata, ki bar ni zuwa gobe."

Ta ji wannan maganar daga bakin mutanen da ba za su ƙirgu ba, kuma tana da amsarta a shirye kullum. Ta buɗe baki.

"To, Baba," ta ce.

Goben ta zo, ta wuce, wata ta biyo. Kullum takan shigo da niyya, ta ja labule, ta zaunar da shi. Ya yi ɗan gyaran murya, ya dube ta kamar yaron da ya kawo aikin makaranta. Ta ce ya yi. Sai ta mayar da shi ya jingina, ta zauna gefensa, ya ba ta labarin wanda ya bar kujeru a shago bai zo ya ɗauka ba. A wajen labule kowa ya ɗauka ana can ana fafatawa. Sista ta taɓa tambayarta a kan hanya ko yana yi, ta ce yana ƙoƙari. Ba jahilci ba ne. Duk lokacin da ta ɗora hannu a bayansa tana jin kakin yana kurkur a ƙarƙashin tafinta, kuma ta san ma'anarsa fiye da kowa a ginin. Tsoro take ji, tsoron ta sake ganin fuskar nan. Tana fitowa daga labulen sai ta wuce gadon direba ta matsa masa har sai ya kira sunan uwarsa. Direban ya warke, ya fita da ƙafafunsa, ko sallama bai yi mata ba.

Zazzaɓin da rana tsaka ya zo. Sabon hoto ya nuna abin da ya rage na huhun dama ya yi fari. Aka zura masa roba ta maƙogwaro aka zuƙe abin da za a iya zuƙewa, aka sauya magunguna, aka ƙara iska. Limoniya, ciwon sanyin huhu, ta riga ta kama, ta kuma tsallaka ɗaya ɓangaren. Da za a tura shi ɗakin kulawa ta musamman, ya janye abin iskar daga fuskarsa ya yafito ta.

"Kawo filon, in yi miki tarin naki."

Ta kawo. Ya rungume shi, ya tattara duk ƙarfin da ya rage masa. Kafaɗunsa suka motsa, babu abin da ya fito. Aka mayar masa da abin iskar aka tura gadon.

Ya yi kwanaki a kan na'ura tana numfashi a madadinsa. Tana tsaye a wurin da safiyar da aka kashe na'urar. Ba ta yi kuka ba. Ta lura cewa igiyar labulen wurin ta kusa tsinkewa, ta kuma gaya wa nas ɗin da ke aiki.

Dogo ya same ta a baranda. Ya ce shekaru sun ja, ƙurar shago ta daɗe da cin huhun, kuma irin wannan kan faru ko an yi komai daidai. Ya ce shi shaida ne cewa Baba ya samu hannun da ya fi kowane hannu a asibitin. Mai yiwuwa ne rabin farko na maganarsa gaskiya ne. Ta ga waɗanda suka yi tari har suka gaji kuma suka tafi, ta ga malalatan da suka tsira. Babu hoton da zai nuna mata ko Baba na cikin waɗanne, kuma ta san ba za a taɓa yinsa ba. Ta ce ta gode.

Gida ya cika da masu gaisuwa, ya kuma watse. Ranar da ya rage daga ita sai ƙaninta Auta, tana wanke kofuna a bakin famfo, ya zo ya tsuguna kusa da ita yana son ya faɗi abin da zai sanyaya mata rai.

"Yaya, kin san me Baba ya ce min da na je duba shi? Ya ce mutane ba su da kirki, wai suna cewa 'yarsa ba ta da tausayi. Ya ce ƙarya suke yi. Ya ce ko sau ɗaya ba ki bari ya ji ciwo ba."

Ta ci gaba da cuɗa kofin da ke hannunta, wanda tuni ya fita. Ta jira wani abu ya tsinke a cikinta, ta ba shi lokaci. Babu abin da ya tsinke. Ruwa ya cika bokiti ya fara zuba, Auta ne ya miƙa hannu ya kashe famfon.

Da suka buɗe shagon don a sallami masu kaya, ta tarar da filoli a kan teburin keken ɗinki, an cusa musu soso, bakinsu a buɗe ba a rufe ba. Ta kwaso su a buhu. Ita ba ta iya keke ba, da allura da zare ta rufe su, ɗinkin ya fito a karkace. Suna cikin kabad ɗin ɗakin tiyata yanzu tare da sauran, kuma idan ta sa hannu ba ta zaɓa.

Da hutunta ya ƙare ta koma. Takalman roba suka yi ƙara a bakin ƙofa, idanu suka runtse, wani ya ja munshari. A gadon da ke kusa da taga akwai sabon mutum, tsohon malamin makaranta da aka yi wa aikin jijiyoyin zuciya, ɗinki tun daga ƙasan wuya har tsakiyar ciki. Ta tambayi nas ko an ba shi magani. Ta zaunar da shi, ta gyara robar, ta ɗora filon, ta harɗe masa hannaye. Ya yi na farko, ya kama hannunta, idanunsa sun kawo ruwa.

"'Yata, don Allah ki bar ni zuwa gobe."

"Goben ma zan zo. Ja numfashi. Yi tari."

Ya yi. Ihunsa ya kai har baranda, kakin ya fito, ta tara masa kwano ta goge masa baki. Ya daɗe yana haki, kansa a sunkuye. Da ya samu kansa ya ɗago ya dube ta da jajayen idanu.

"Ke wai ba ki da uba ne?"

Ta gyara masa filon, wanda ya ɗan zame daga kan ɗinkin.

"Ba ni da shi," ta ce. "Sake yi."