Lamba Huɗu Bai Amsa Ba

Muna idar da sallar asuba muka tashi daga Madawa, ni da mai kabu-kabun da ya ɗauko ni a babur. Na riƙo buhu wanda babu komai a ciki, don rediyo zan je karɓowa.

Ga dalili. Ƙungiyarmu ta masu rediyon magana mutum bakwai ce, ni ke shugabanta. Kowane yana garin da rezo, wato layin wayar salula, ke yankewa. Da damina, in ruwa ya sauka a tudu, na sama ke gaya wa na ƙasa su janye yara da dabbobi daga ƙorama. Kowace safiya ƙarfe bakwai nakan kira lambobi bi da bi. Dokarmu ita ce, wanda ya yi kwana bakwai bai amsa ba, a karɓe rediyon a ba wani. Lamba huɗu, wani dattijo a wani ƙauye bisa dutse tsakanin Buza da Keita, ya yi kwana tara.

Da farko hanya ta yi kyau. Daga nan sai jar ƙasa da tsakuwa. Mun ci dambu a Buza, mai ya yi masa kaɗan, barkono ya yi masa yawa. Man moto na kwalba ya fi na Madawa tsada, mai sayarwa kuma ya ce laifin hanya ne. Bayan Buza mun yi tafiya mai nisa ba mu gamu da kowa ba sai tsofaffi da mata suna gyaran gona. Samari duk sun tafi cin rani. Abokin tafiyata ba mai magana ba ne, ni ma haka.

Mun isa da azahar. Na iske dattijon zaune shi kaɗai a zaure, rediyon a gabansa, lulluɓe da tsumma mai tsabta. Bayan gaisuwa na tambaye shi dalilin shirunsa.

Ya ce, “Shiru, Shugaba? Kullum ina amsa maka. Kai ne ba ka ji.”

Na duba batir, lafiya. Na duba na'ura, lafiya. Na bi wayar eriya har bayan gida, sai na same ta kwance a ƙasa. A reshen gawo muka ɗaure ta bara. Makiyaya sun sassare rassan don awakinsu, kamar yadda suke yi kowane ƙarshen rani, reshenmu ya tafi cikin. Idon dattijon ba ya gani nesa, bai sani ba. Muryata na iso masa, tasa ba ta fita.

Ya ce, “Har ranar da ka ce lamba huɗu ya yi sakaci, na ji ka. Na ce maka ina nan, sau uku.”

Na nemi dogon itace, muka kafa, na ɗaure wayar da kaina. Na naɗe buhun na zauna a kansa har Madawa.

Abin da na koya: dokata ta ƙirga kwanaki, ba ta ce a je a duba ba. Na gyara ta.

Washegari ƙarfe bakwai na zauna a ɗakina, ni kaɗai kamar kullum. Na kira ɗaya, biyu, uku. Na kira huɗu.

“Ina nan, Shugaba. Ka ji ni?”

Na ce na ji. Sai da na maimaita sau uku kafin na kira biyar.