Kunkurun Maman Kenechi

A shekarar 1972 Malam Jerome ya fara ganin Ugoma a unguwar Herwagana ta Gombe, tsaye bakin famfo da bokiti, ba ta jin ko kalma ɗaya ta Hausa. Mijinta ne ya kawo ta daga Kudu, ya buɗe shagon kayan keke. Hilda, matar Jerome, ita ta ja ta cikin gida, ta koya mata harshen da tatsuniya suna ɓarar gyaɗa. Jerome, malamin makarantar Mishan, yana ganin shiririta ce, amma saboda son tsari sai da ya rubuta guda goma sha bakwai a littafi.

Ugoma ta haifi shida, ta yi shekara arba'in tana sayar da manja da busasshen kifi, ta binne mijinta a Gombe. Kowa Maman Kenechi yake ce mata.

Bara ciwon mantuwa ya kama Hilda, daga nan sai shiru. Wata uku ba ta ce uffan ba. Tsoron Jerome ɗaya ne: kada ta tafi bai sake jin muryarta ba. Kullum da la'asar yakan karanta mata littafin nan, waƙafi da aya, ita kuwa tana kallon bango.

Wata Laraba Ugoma ta shigo tana dogara sanda.

"Malam, wa'azi kake mata ko tatsuniya? Rufe littafin nan."

Ta zauna, ta kama labarin kura da zomo, sai dai duk inda zomo yake kunkuru take sawa.

"Maman Kenechi, ai a rubuce..." in ji Jerome. Ta take masa ƙafa, ta ci gaba, har kunkuru ya tsere wa kura da gudu.

Hilda ta ɗago kai.

"Ƙarya kike, Ugoma. Ke da kunkurun garinku! Zomo ne."

"Au, Yaya, na manta. Sai me ya faru?"

Hilda ta ɗauka daga nan har ƙarshe, har da waƙar da ke ciki.

Yanzu kowace Laraba Ugoma takan hau keke-napep daga unguwar Gabukka, inda take zaune wurin ɗanta, da sabon kuskure a shirye. Sau ɗaya Jerome ya soma yi mata godiya, ta katse shi, ta ce ya miƙo mata ruwa.